Abin Lura: Wuƙar Mai Rake da Kumburin da Ba Ya Zafi

Da zarar sanyi ya shigo ƙasar Kance, rake ya cika gari. Daga fadamun Korama ake saro shi, a ɗaure dami-dami, a ɗora wa amalanke zuwa bakin hanya, manyan motoci kuma su kwashi nasu su nufi Damagaram da gaba da can. A tasha, a ƙofar makaranta, a gindin dogon yaro inda ake zaman hira, ba ka rasa mai rake da baronsa da wuƙarsa.

Wanda ya tsaya ya kalli hannun mai raken da ya san sana'arsa zai ga wani abu. Ya ɗauki kara, ya jujjuya shi, ya soma fere ɓawo. Wani lokaci, dab da gaɓa, sai ya hangi 'yar huda wadda mai saye bai ma lura da ita ba. Ya sa wuƙa ya tsaga: ciki ya yi ja, tsutsa ta yi hanya, wurin yana tsami. Ba ya tsayawa ƙwaƙule jan da tsinin wuƙa. Gaba yake matsawa, ya wuce inda jan ya ƙare, ya sare a cikin farin da babu abin da ya same shi, sannan ya dubi bakin yankan. In ya ga ko ɗigon ja ne, ya ƙara sarewa. Yaro da dala goma a hannu zai ce, “Baba, ai kana zubar da mai kyau!” Shi kuwa ya san tsamin ya riga jan tafiya, inda ido ya ga ƙarshen ɓarna ba nan ta tsaya ba. Ya kuma san karan da aka gano da wuri gaɓa ɗaya ake asara, wanda tsutsa ta daɗe a ciki kuwa rabinsa na awaki ne.

Duk wanda ya fahimci wannan yanka ya fahimci maganin wani ciwo da ke kama abin da muke shan raken da shi, wato muƙamuƙi.

Ciwon ba ya sallama. Mutum yana tsakiyar ƙarfinsa, galibi tsakanin shekara 20 da 40, sai harshensa ya ci karo da wani ɗan tudu a dasashi can wajen haƙoran tauna na baya, ko ya shafa haɓa ya ji gefe ɗaya ya fi ɗaya cika. Ya danna, ya ji tauri irin na ƙashi, don kuwa ƙashin ne ya taso. Ba zafi, ba zazzaɓi, ba mugunya. Ya ci tuwonsa ya tafi gona. Damina ta wuce, wata ta zo. Haƙori ɗaya ya soma girgiɗi alhali bai ruɓe ba, na kusa da shi ya karkace, na sama da na ƙasa suka daina haɗuwa yadda suka saba. Ba tare da ya shirya ba ya koma tauna da gefe guda. Ya bar ƙuli-ƙuli, ya bar aya, kilishi sai dai ya tsotsa. Duk wannan bai sa ya kira kansa marar lafiya ba.

A nan abin lurar yake: mu da zafi muke auna ciwo. Ciwon haƙori na dare ɗaya kan tada gida kaf. A nemo kanumfari, a dafa ruwa a zuba gishiri, a buga wa mai shago ƙofa, gari na wayewa a hau kabu-kabu sai likita. Amma kumburin da ya shekara uku yana cin ƙashi, tunda bai taɓa hana barci ba, in an tambayi mai shi sai ya ce, “Ai ba ya damuna.” Dangi su amsa, “To, alhamdu lillahi, tunda ba ya zafi.” Zafi da duk muninsa yana da rana, shi ke kora mutum neman magani tun abu bai yi nisa ba. Ciwon da ya zo babu shi yakan sami shekaru yana aikinsa ba mai tanka masa.

Akwai ire-iren ƙari da dama da ke tsirowa a cikin ƙashin muƙamuƙi waɗanda ba ciwon daji ba ne. Akwai jakar ruwa da kan taru a kan haƙorin da ya maƙale a ƙashi bai fito ba, yawanci turmin ƙarshe na baya. Akwai wanda wani sashe na ƙashi kan rikiɗe ya zama tsoka mai tauri gauraye da ɓurɓushin ƙashi. Akwai mai yauƙi a ciki. Amma wanda ya fi kwantar da mutanenmu a gadon fiɗa shi ne amelobalastoma, kuma kusan 80 cikin 100 a muƙamuƙin ƙasa yake fitowa.

Asalinsa daga ginin haƙori ne. Tun jariri yana wata na biyu a cikin uwarsa wasu ƙwayoyin halitta ke soma aikin ƙera haƙora, daga cikinsu ne kuma ake samun masu shimfiɗa farin rufin nan mai tauri. In aiki ya ƙare ba dukansu ke ɓacewa ba, ragowarsu kan zauna a cikin ƙashi, kuma kowa yana da ita. Wani likitan Faransa, Louis-Charles Malassez, ya yi bayanin wannan ragowa a 1885, har yau da sunansa ake kiran ta. A jikin mutane ƙalilan, bayan shekaru, irin waɗannan ƙwayoyi kan farka su yi ta hayayyafa ba tsayawa. A 2014 masu bincike suka gano cewa a yawancin irin wannan ƙari na muƙamuƙin ƙasa akwai wani canji da ya auku a ƙwayar gadon da ake kira BRAF. Canjin a cikin ƙarin kansa yake, mutum bai gaje shi daga iyaye ba, ba zai kuma bar wa 'ya'yansa ba. Saboda haka babu ruwan sammu ko jifa, babu ruwan cin goro ko ƙarancin asuwaki. Ba a ɗaukarsa ta shan fura a ƙwarya ɗaya, ba a ɗaukarsa ta shimfiɗa. Matar da aka mayar gidan iyayenta saboda shi an zalunce ta.

Ciwon sananne ne a ƙasar Hausa. Sashen fiɗar fuska da muƙamuƙi na asibitin Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya yi suna a Kaduna, ya daɗe yana karɓar masu shi daga sassan Arewa. Tun 1980 Farfesa Adekeye na wannan sashe ya wallafa bayanin marasa lafiya 109 masu wannan ƙari. A 2005 shi da abokan aikinsa suka fitar da nazarin ƙari 318 masu asali daga ginin haƙori da aka gani a Kaduna, sai ga shi kusan uku cikin kowane huɗu amelobalastoma ne. Kukan da likitocin yankinmu ke ta maimaitawa kuwa guda ne: mutane ba sa zuwa sai abin ya girma.

Cewa ba daji ba ne gaskiya ce, kuma abin godiya, domin da wuya ƙwarai ya tsallaka zuwa huhu ko wani sashe na jiki. Sai dai ba ya tsayawa, ba ya kuma komawa don kansa. A hankali yake buɗa ƙashi ta ciki da ta waje har bangon ya yi siriri, yana cinye saiwar haƙora, yana ture harshe gefe. In ya yi girma haƙoran sama su riƙa sukar sa, miki ya buɗe, jini da wari su biyo baya. Magana ta daina fita sosai, abinci ya koma kunu kaɗai, mutum ya rame. A ƙarshe yana iya matse hanyar numfashi. Ƙarin da ba daji ba yana kisa, ta yunwa ko ta shaƙewa, bayan ya gama raba mutum da jama'a.

Tsakanin ranar da aka fara jin tudun da ranar da aka shiga asibiti akwai wuraren yada zango da kowa ya sani. Na farko teburin mai magani a kasuwa, da 'yan kafso na dala kaza. Idan ƙwayar cuta ta ɗan shiga wurin, kafson kan kwantar da ita, kumburin ya ɗan sauka, a ce magani ya karɓa. Na biyu mai cire haƙori: ga haƙori yana girgiɗi, ya fizge shi, ramin ya ƙi cikewa, bayan 'yan watanni na kusa da shi ma ya bi sahu. Na uku wanzami ko mai sakiya: a yi tsaga, a kafa ƙaho, ko a huda da ƙarfe mai zafi. Wani ruwa-ruwa ya fito, wurin ya ɗan lotsa, sannan ya sake cika har ya fi da, ga shi kuma an buɗe wa ƙwayar cuta ƙofa. Ba mugunta ke sa su ba. Sun saba ganin maruru ya fashe ya warke, sai suka ɗauka kowane kumburi haka yake. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, abin da ke gabansu a cikin ƙashi yake, inda aska ba ta kaiwa. Zango na ƙarshe shi ne mayafi. Mace ta ja shi ta rufe rabin fuska, ta daina zuwa biki da suna. Saurayi ya naɗa rawani ya ja amawali, ya bar zaman fada, ya koma sahun baya a masallaci.

Kada a ɗora laifin duka a kan sakaci. Mutumin Tsauni ko Kurni ko Ishirnawa da ya yi niyyar neman magani, daga likitar ƙauye za a tura shi asibitin Matameye, daga can a ba shi takarda zuwa babban asibitin ƙasa na Damagaram. In aikin ya fi ƙarfin abin da ke nan sai Yamai, tafiyar kusan kilomita 900 daga Damagaram, ko kuma ya bi ta Ɗan Barto ya ratsa Daura ya faɗa Kano, asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano. Kuɗin mota na mutum biyu ne, don ba a jinya ba mai jinya. Ga abinci, ga makwanci, ga gonar da aka bari. Maganin kyauta da Nijar ta kafa a 2006 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 ne da fiɗar haihuwa da makamantansu, magidanci mai kumburin muƙamuƙi ba ya ciki. A 2024 hukuma ta sanar da rage kuɗin asibitocin gwamnati da rabi, abin ya yi sauƙi, amma mota da guzuri suna nan yadda suke. Wanda ya zauna ya yi wannan lissafi ya ce bari sai bayan kaka, ba wawa ba ne. Abin da lissafin nasa ya manta shi ne ƙarin bai san kaka ba. Ƙarami aikin awa ɗaya ko biyu ne da kwanciyar 'yan kwanaki. Babba sai an nemi jini, sai an sayi ƙarfe, sai an yi makonni a gado, wani lokaci a sake shiga tiyata karo na biyu. Kowace shekara da aka ƙara, kuɗin hawa yake yi.

In aka isa gaban likita, abin da ya fi son sani shi ne lokaci. “Inna, tun yaushe kika fara ganinsa?” Matar karkara ba da kalanda take ƙirga ba. Sai ta dubi yaron da ya rako ta ta ce, “Tun ina goyon wannan.” Yaron kuwa har ya shiga lakwal. Wannan amsa ta ba likita rabin labari, domin saurin girma shi ke fara rarrabe kumburi da kumburi.

Wanda ya tashi cikin kwana biyu da zafi da zazzaɓi daga ruɓaɓɓen haƙori, mugunya ce ta taru, kuma in ta gangara ƙarƙashin harshe abin gaggawa ne na ranar nan. Hangum na yara a gaban kunne yake, cikin sati ɗaya ko biyu ya tafi. Yaro ƙarami da muƙamuƙinsa ya kumbura cikin 'yan makonni, haƙora suka saki, ana tsoron dajin nan da likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, wanda ya fi yawa a ƙasashen zazzaɓin cizon sauro. Shi maganinsa ta jijiya ake ba da shi, ba da wuƙa ba, kuma yana jin magani sosai in an zo da wuri. Ciwon da ke cin dasashi da kunci cikin kwanaki a jikin yaro mai tamowa, wanda wasu ke kira ciwon iska, shi ma daban ne: ƙungiyar Sentinelles ta Suwizalan tana da cibiyar kula da masu shi a Damagaram tun 1992, Sakkwato tana da asibitinsa tun 1999, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a Disamba 2023. Sannan akwai dajin baki na manya, mai miki da ba ya warkewa da kaluluwa a wuya. Kowanne da hanyarsa, kuma ido kaɗai ba ya raba su, ko idon likita ne.

Shi ya sa bincike yake hawa-hawa. Likita ya sa safar hannu, yatsa ɗaya a cikin baki ɗaya a waje, ya bi ƙashin daga haɓa zuwa gindin kunne yana auna inda ya buɗe. Inda bangon ya yi siriri ƙwarai, in ya danna sai ya ji ya lotsa da 'yar ƙara, ƙaras. Ya girgiza haƙora ɗaya bayan ɗaya. Ya taɓa leɓen ƙasa da auduga ya ce, “Kina ji?” domin jijiyar leɓe ta cikin wannan ƙashi ta bi. Daga nan sai radiyo, irin wanda na'ura ke zagaya kai ta fito da muƙamuƙi gaba ɗaya a hoto guda, daga kunne zuwa kunne. Ƙashi mai lafiya fari yake fitowa. Amelobalastoma sau da yawa baƙin rami ne mai ɗakuna manya da ƙanana, da siraran katangu a tsakani, saiwar haƙoran da ke kansa kuma ta gutsure. Hoton sikana ke nuna faɗinsa da zurfinsa, da ko ya fasa ƙashi ya shiga tsoka.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda aka fi gudu. A kashe wurin da allura, a fara zuƙo abin da ke ciki da sirinji don a tabbata ba tarin jijiyoyin jini ba ne, sannan a yanko ɗan yanki da bai fi ƙwayar wake ba, a jefa a kwalbar magani, a aika ɗakin bincike a duba a madubin likita. Sakamakon kan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni. Nan ne ake jin, “Kada ka yarda su taɓa shi da ƙarfe, bazuwa zai yi.” Wannan yanki ba ya baza shi. Shi ne ma ke faɗa wa likita sunan abin da yake fama da shi, sunan kuma shi ke yanke girman aikin. Wanda ya gudu a wannan mataki ya biya kuɗin mota da na hoto a banza.

In jakar ruwa ce, aikin da sauƙi. A buɗe, a ɓare jakar ɗungurungum, ko a sa ɗan bututu na wasu watanni har ta motse sannan a cire, ƙashi kuma ya cike gurbinsa da kansa. Wasu ire-iren masu tauri ma suna da iyaka bayyananniya, ana ɓamɓare su su fito. Amelobalastoma mai ɗakuna kuwa halinsa daban. Cikin ƙashi ba dunƙulalle ba ne, yana da ƙananan kafofi, shi kuma ƙarin yakan cusa 'yan yatsunsa cikinsu ya wuce iyakar da hoto ya nuna. A nan ne dangi kan tare likita a baranda. Babban wa ya rage murya ya ce, “Likita, don girman Allah a kwashe ciwon kawai, a bar masa ƙashinsa. Yaro ne, ko aure bai yi ba.” Roƙo ne na ƙauna, kuma irin na yaron nan ne mai dala goma. An gwada kankarewa shekara da shekaru a ƙasashe da dama, rahotanni masu yawa kuma sun nuna fiye da rabin waɗanda aka kankare musu irin wannan ƙari yana dawo musu, sau da yawa a wurin da ya fi wuyar kaiwa. Don haka likitan fiɗa yake yin abin da mai rake ke yi: ya wuce inda ɓarna ta ƙare, ya yanke a cikin lafiyayyen ƙashi, santimita 1 zuwa 1.5 ta kowane gefe. Abin da aka cire a sake aika shi ɗakin bincike a dubi bakin yankan, a ga ko fari ne tas.

Yawan abin da za a rasa kuwa ranar zuwa ce ke yanke shi. In an zo da wuri, ƙarin yana sama-sama, likita na iya yanke wurin ta cikin baki ya bar gindin ƙashin a haɗe. Haƙora biyu ko uku sun tafi, amma fuska tana nan yadda take, ba ko tabo a waje. In an makara, sai a tsaga ta ƙarƙashin muƙamuƙi a datse ƙashin gaba ɗaya, wani lokaci rabinsa har mahaɗar da ke gaban kunne. In haɓa ce ta tafi, harshe ya rasa madogara, domin a jikinta yake ɗaure, yana iya faɗawa baya ya toshe numfashi, sai an huda maƙogwaro an sa bututu na ɗan lokaci. Ko sa irin wannan marar lafiya barci aiki ne na gwani, tunda baki ba ya buɗuwa yadda ya kamata.

Iyakar kamannin ke nan tsakanin sana'o'in biyu. Mai rake ya jefar ya wuce, likita kuwa sai ya cike gurbi, in ba haka ba ragowar ƙashin ya zame gefe, tauna ta gagara. Akan lanƙwasa wani siririn ƙarfen taitaniyam daidai da zubin muƙamuƙin mutum, a ɗaure shi da ƙananan kusoshi a ɓangarorin biyu. Ƙarfe kaɗai ba ya dawwama, yakan karye ko ya huda fata, don haka ake ɗebo ƙashi daga ƙugun marar lafiya ko haƙarƙarinsa a dasa, nan take ko bayan watanni. A 1989 wani likita a birnin Niyok na Amurka, David Hidalgo, ya bayyana yadda ake gina muƙamuƙi da siririn ƙashin da ke gefen ƙwauri, a ɗauko shi da jijiyoyin jininsa a ɗinka su da na wuya a ƙarƙashin madubi, ƙashin ya ci gaba da rayuwa a sabon wurinsa. Mutum yana tafiyarsa bayan haka, don babban ƙashin ƙwauri ne ke ɗaukar nauyi. Aiki ne na awoyi masu yawa da ke son kayan aiki da ƙwararru, wuraren yinsa kaɗan ne a yankinmu. Mafi yawan namu ƙarfe da ƙashin ƙugu ko na haƙarƙari suke samu, kuma da su mutane da yawa sun koma cin tuwo, sun koma kasuwa, daga baya aka yi musu haƙoran roba.

Kwanakin farko bayan aiki na haƙuri ne. Abinci ta siririn bututu yake bi ta hanci: kunu tatacce, madara, romo. Mai jinya ta koyi wanke baki bayan kowane ci, ta koyi tada kan gado. In an cire jijiyar da ke cikin ƙashin, leɓen ƙasa na wannan gefe zai mutu, koko mai zafi na iya ƙona shi mutum bai sani ba. Haƙƙin marar lafiya ne a faɗa masa wannan tun kafin ya sa hannu, shi ma kuma ya tambaya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Bayan sallama sauran aiki ɗaya, wanda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi: komawa. Ƙarin da zai dawo yawanci cikin shekara 5 na farko yake dawowa, amma an ga wanda ya dawo bayan 10 da fiye, kuma dawowar ma ba ta zafi. Saboda haka ake son hoto a kai a kai da farko, daga baya shekara-shekara. Karnen asibiti da hotuna da takardar sakamako a sa su a leda a ajiye inda ake ajiye takardar gona. Likitan da zai duba mutum bayan shekara bakwai wataƙila ba shi ne ya yi aikin ba, waɗannan takardu su ne shaidarsa.

Likitocin fiɗar muƙamuƙi kaɗan ne, kuma suna manyan birane. Masu ganin kumburin tun yana ƙarami suna nan cikin gari. Wanzami yana riƙe haɓar mutum a tafin hannunsa duk ranar aski. Mai kitso tana juya kan mace dama da hagu awa biyu. Uwa ta san fuskar ɗanta fiye da madubi. Mai cire haƙori shi ke fara ganin lafiyayyen haƙori yana girgiɗi a bakin matashi, kuma a ranar alherin da zai yi shi ne ya ajiye kayan aikinsa ya ce, “Wannan ba nawa ba ne, je ka a yi maka hoto.” Majo mai kula da likitar ƙauye, in kafson sati ɗaya bai sauke kumburi ba, takardar turawa ce ta dace, ba wani kafson ba.

Alamomin ba su da wuyar riƙewa: kumburi mai tauri a muƙamuƙi da ya wuce sati uku bai sauka ba, haƙorin babba da ke girgiɗi ko kaucewa ba tare da ruɓa ba, ramin haƙorin da aka cire ya ƙi warkewa, leɓen da ya mutu haka kawai. Ɗaya daga cikinsu ya isa dalilin tafiya Matameye a nemi takardar hoto. Mun saba in mun ga kumburi a fuskar ɗan'uwa mu ce, “Yana zafi?” In ya ce a'a, hankalinmu ya kwanta, a koma hira. Tambayar da ta fi amfani ita ce ta likita: “Tun yaushe?” In amsar ta kai wata guda, wanda ya yi tambayar shi ya kamata ya fara zuba nasa a kuɗin mota.